Baba Raɓa da Tsatsar Albasa

Duk wanda ya taɓa noman rani a bakin rafin Romi ya san Baba ba ya cewa ina kwana. In ka gaishe shi ba zai tambaye ka gajiya ko iyali ba, sai ya ɗaga kai ya ce, "Ya raɓa?" Haka yake gaida liman, haka yake gaida mai shayi, haka ya gaida baƙin da suka zo sunan ɗana na biyu, da rana tsaka cikin watan Maris, kowa na sharce gumi. Daga nan 'yan lambu suka laƙaba masa Baba Raɓa, har wasu suka manta sunansa na yanka. Ni dai ban taɓa kama ko ɗaya daga cikin sunayen ba, domin surukina ne, 'yarsa Asabe nake aure. Ku riƙe wannan da kyau, don shi ne tushen duk wahalar da na sha. Kowa a lambun nan yana iya ce masa, "Baba, ƙyale mu haka nan," ya juya ya yi tafiyarsa. Ni kuwa sai dai in durƙusa in ce to.

Yadda aka yi na faɗa hannunsa, kamfanin da nake tuƙa wa mota a Kakuri ne ya rufe, na yi wata bakwai a gida ina ƙirga azarar ɗaki. Yayana ya aiko daga Malumfashi cewa in tattara iyali in komo gida mu riƙe gonar gado. Asabe ta ji haka ta daina cin abinci. A Kakuri aka haife ta, yaranmu suna makaranta a Trikania, mahaifiyarta ta rasu bara waccan, kuma Baba ba shi da kowa a garin nan sai ita. Ni ma, gaskiya, ba na son in koma gida hannu rabbana bayan shekara goma sha biyar a birni. Sai Baba ya kira ni ya yanka mini rabin lambunsa, ya ce in albasa ta karɓe ni babu inda za ni. Tun daga ranar zamanmu a Kaduna ya rataya a wuyan albasa. Na karɓa da godiya, ban san kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski ba, Allah ya yafe mini wannan misali.

Abin da ya tsaya tsakanina da albasar kuwa shi ne tsatsa. Wanda bai santa ba, wasu ɗige-ɗige ne ruwan goro da ke fitowa a jikin lawashi, in ka shafa sai gari ya biyo yatsanka. Ganye ya bushe tun albasa ba ta ƙosa ba, ka zo tono ka tarar da 'yan ƙwayoyi da ko mai ƙosai ba za ta kalla ba. Sauran manoma in sun gan ta sai su ce Allah ya kawo sauƙi, mai hali ya yi feshi. Ban da Baba. Shi fa ya yi shekara ashirin da wani abu a masaƙa, aikinsa kawai lura da danshin ɗakin saƙa, don in iska ta bushe zare tsinkewa yake yi, in lema ta yi yawa ya manne. Da masaƙa ta mutu sai ya kwaso wannan ilimin gaba ɗaya ya juye wa albasa, mu kuma da ke kusa ya fallatso mana.

Karatunsa na haddace shi ba don ina so ba. Wai garin nan da ke biyo yatsa iri ne, iska ke yawo da shi daga lambu zuwa lambu, amma ba ya tsirowa sai ya haɗa abu biyu: gari ya yi sanyi-sanyi, ganye kuma ya kwana a jiƙe, ya yi awa huɗu ko fiye bai bushe ba. Rana mai zafi tana kashe shi. Ruwan sama mai ƙarfi yana wanke shi ya nutsar da shi. "Ba ta son ambaliya, ba ta son fari," in ji shi. "Munafuka ce, tsaka-tsaki take so." Na ji wannan magana a lambu, na ji ta a cikin keke napep, na ji ta a wajen ta'aziyya.

To da a baki ya tsaya da sauƙi. Tunda sanyi ba a hannunsa yake ba, sai ya ɗaura yaƙi da raɓa. Ya samo wata doguwar igiya, ana sallame sallar asuba sai mu gangara lambu, shi ya kama baki ɗaya, ni in kama ɗaya, mu riƙa janta a kan lawashi a hankali don raɓar ta zube. Fangali bayan fangali, har fangali ashirin da huɗu, ƙafa cikin taɓo, yatsu sun ƙage. Idan na ja da ƙarfi ya ce zan karya ganye. Idan na ja a hankali ya ce shafa musu kai nake yi. Yana yi yana duba agogon hannunsa, yana lissafin awa nawa ganye ya yi a jiƙe. Mutanen da ke wucewa aiki ta gadar sama sukan tsaya su kalle mu. Wata rana wani ya ƙwala mana tambaya ko kifi muke kamawa a tudu. Ni na sunkuyar da kai. Baba kuwa ya amsa masa da gaske, ya faro karatun tun daga farko, har mutumin ya gudu.

Ranar da na yi ƙarfin hali na ce, cikin ladabi, ko mu bar rana ta busar da su da kanta tunda ba ta taɓa fashi ba, sai ya kalle ni kamar na zagi wani.

"Rana ƙarfe nawa take shigowa fadamar nan?"

Na ce wajen tara.

"Ita kuma tsatsar ce za ta zauna ta jira ta, don tana jin kunyar ka?"

Na ce to.

Har gidana yaƙin ya biyo ni. Wata rana na dawo na tarar Asabe ta cika ta yi fam. Ashe Baba ne ya zo da lawashi mai tsatsa cikin leda, ya buɗe kabad ɗinta ya ɗauko samira uku daga cikin kayan aurenta, waɗanda ko ni ba a taɓa zuba mini abinci a ciki ba. Ya raba ganyen uku. Ɗaya ya ɗora a kan rufin kwano inda rana ke duka, ɗaya ya tura bayan randa, ɗaya kuma ya saka a firij kusa da miyar da ta ajiye. Ya kafa doka kada wanda ya taɓa sai bayan kwana goma. Da kwanakin suka cika ya dawo da gwangwanaye uku da ya dasa albasa a ciki, ya shafa wa kowacce garin ganyen samira guda, ya lulluɓe su da jiƙaƙƙen tsumma, wanda daga baya muka gane ɗankwalin Asabe ne.

Aka zuba ido. Ta kan rufi ba ta kamu ba ko ɗigo. Ta bayan randa ta kamu. Ta firij kuwa ta fi kowa kamuwa, duk da wutar unguwarmu da ke zuwa sau ɗaya ta tafi sau uku. Baba ya yi ta murna kamar an yi masa haihuwa. Asabe ta tambaye shi me ya gano. Ya ce ya gano rana na kashe irin tsatsa, sanyi kuma adana shi yake yi. Ta ce, "Baba, ai abin da kake faɗa mana ke nan kullum." Ya ce, "Da faɗa nake yi. Yanzu na sani." Samirar kan rufi kuwa iska ta mirgino da ita ta faɗo tsakar gida ta ɓantare. Asabe ba ta iya yi wa ubanta faɗa, ni ba na iya yi wa surukina, saboda haka ni aka yi wa, wai me ya sa ban hana shi ba.

Wanda na fi jin haushi shi ne na wani Alhaji mai sarin albasa. Na yi sati biyu ina bin sa a kasuwa kafin ya yarda ya zo ya ga albasata tun tana gona, in ta yi masa ya kama. Ya iso wajen bakwai na safe cikin farar babbar riga, bayan ya zaga lambunan ƙasa da mu. Ya ɗaga ƙafa zai shiga fangali ke nan sai Baba ya gitta masa ƙotar fartanya. Ya nuna masa gefen rigarsa, inda ta yi jirwayen ruwan goro, ya ce wannan tsarabar daga lambun wasu ya kwaso ta, kuma ganye bai bushe ba tukuna. Ya ba shi zaɓi biyu, ko ya tuɓe rigar ya rataye a bishiya, ko ya zauna a kan dutse sai ƙarfe goma.

Alhaji ya ce, "Malam, albasa na zo saye, ba dubiya na zo asibiti ba."

Baba ya ce, "Da asibitin ne da na bar ka. Can sun riga sun kamu."

Mutumin ya tattare rigarsa ya hau mota, bai ƙara amsa ko gaisuwata ba. Na tsaya ina kallon bayan motar, ga shi babu halin magana. Baba ya dafa kafaɗata ya ce kada in damu, mai saye in ya tafi wani zai zo, amma tsatsa in ta zo ba ta tafiya. Albasar wa ya kora wa mai saye? Tawa. Tasa tuni ya yi alkawarinta da wata mai tuwo a Makera.

Mutum ɗaya ne ke iya mayar masa da magana, shi ne Mista Pam, mutumin Filato, abokinsa tun masaƙa, wanda lambunsa ke jikin namu. Mista Pam gadi yake yi a wata makaranta da rana, ba ya samun ban ruwa sai da yamma, kuma yana son ya toshe bakin tiyo da babban yatsa ya yi wa lawashi feshi daga sama. Wannan a wajen Baba ya fi sata muni, don ganye zai shiga dare a jiƙe. Ya yi magana, ya yi magana, da ya ga ba a ji sai ya koma zuwa ya zauna a kan tiyon. Inji na ta ƙugi, ruwa ya ƙi fita, Mista Pam ya bi tiyo yana neman inda ya toshe, sai ya iske tsoho zaune yana jan carbi. "Saiwa aka ce ka shayar," in ji Baba, "ba wanka aka ce ka yi mata ba."

Sai kuma rigimar gyauro. Bayan an tone albasa, Mista Pam yakan bar 'yan ragowar da suka sake tsirowa da kansu, don matarsa ta riƙa tsinkar ganye da damina tana miya. Baba kuwa ya rantse tsatsa ba ta iya jiran shekara a busasshiyar ƙasa, dole sai ta sami ɗanyen ganyen albasa ta fake a jiki har sanyi ya zagayo, don haka duk mai barin gyauro masauki ya ba ta. Sai ya bi lambunan mutane yana tugewa, ba sallama ba neman izini, ya tara ya cinna wuta. Mista Pam ya kama shi da hannu dumu-dumu ya ce, "Raɓa, shekara ashirin ina haƙuri da kai a masaƙa. Allah ya raba mu lafiya, ka biyo ni har lambu?" Baba ya ce ai shi ya sa har yanzu yake da albasar da zai yi faɗa a kanta. Suka yi kwana uku ba sa magana, ran na huɗu na gan su suna raba goro ɗaya.

Abin takaicin, duk wannan azaba ba ta hana tsatsa zuwa ba. Tana raguwa, ban musa ba, lambunmu ya fi na kowa sauƙi. Amma kowace shekara sai ta ɓullo, kuma a fangalina take fara ɓullowa, ta cinye mini abin da zai kai mu damina. Shekara biyar muna maneji, Asabe na haɗawa da ɗinki. A ta shida na gaji. Na gaya mata ƙarara, in bana ma haka ne, ana gama tono za mu hau motar Malumfashi, kuma wannan karon ko za ta yi wata ba ta ci abinci ba sai mun tafi. Na san ta gaya wa Baba, don kwana biyu yana jan igiya bai gyara mini riƙo ba.

Mun yi dashe da sati uku, sanyi ya fara shigowa, sai na ga ɗigo na farko. Gefen gabas ne, kamar bara, kamar bara waccan. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin wannan ba sai ran nan. Na ce to, tunda an cusa mini karatun nan shekara shida, bari in yi aiki da shi sau ɗaya. In iska ke kawo ta, daga ina iskar ke bi? Na miƙe gabas. Babu lambun kowa a wajen, sai tsohuwar bukkar da Baba ke ajiye kayan aiki, da wani ɗan kewayen zana a bayanta ƙarƙashin mangwaro, wanda na ɗauka makewayi ne, shi ya sa ban taɓa leƙawa ba. Na ɗaga zanar na durƙusa na leƙa.

Albasa ce. Wani kurmin albasa mai lawashi, irin wadda ba ta yin kai sai dai ta yi ta 'ya'ya, ta yi shekaru ba a taɓa ta ba, ga inuwa, ga lema, rana ba ta isa wajen ko da azahar. Ganyen nan ya yi jawur da tsatsa tun daga ƙasa har sama. An share gindinta tsaf, an yi mata ɗan magudanar ruwa.

Ban taɓa jin haushin mutum kamar na ran nan ba. Shekara shida ina jan igiya da asuba. An kora mini mai saye, an fasa samira an ɗora mini, an tuge gyauron duniya, ashe babban masaukin yana bayan bukkarsa, shi ke ba ta ruwa da hannunsa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na wuce gida ban ko wanke hannu ba, na zazzage wa Asabe duk abin da na tara tun shekarar farko. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce wannan albasar Inna ce, wato mahaifiyarta. Ita ta kawo irin daga garinsu ta dasa da hannunta, don Baba ba ya cin miya sai da ganyenta, kuma ita ce abu na ƙarshe da ta shuka kafin ta kwanta ciwon ajali. Ta ce ba ta san tana da tsatsa ba, ta dai san yakan zauna a wajen in ya gama aiki.

Haushin bai tafi ba, amma na rasa inda zan ajiye shi. Yaya zan ce wa surukina ya tuge abin da matarsa ta bari? Yaya kuma zan zuba ido ta kore mu daga gari? Da yamma na koma lambu don in kashe inji, na same shi a bakin bukka. Na durƙusa na gaishe shi. Bai amsa ba, gwiwar wandona yake kallo, inda garin ya manne lokacin da na leƙa. Ya daɗe yana kallo. Na san ya gane inda na shiga.

Washegari da na gangaro, hayaƙi na fara hangowa. Ya cire zanar ya jingine, ya haƙe wajen har saiwa, ya tara a kan karan dawa ya sa wuta. Yana tsaye da fartanya a hannu, idonsa ya yi ja, ya ce hayaƙi ne.

Na ce, "Baba, da ka bari mun nemi wata dabara."

Ya ce, "Dabarar ce muke ta yi shekara shida. Tun shekarar farko na san daga nan take fitowa. Na ce ko in na hana ta raɓa, za a zauna lafiya, da albasar da ku." Ya tura wani ganye da ya zamo cikin wutar da ƙafarsa. "To ba a zauna ba. Mai albasar ta riga ta tafi. Ku ne ban so ku tafi."

Daga nan ya daka mini tsawa wai na tsaya ina kallonsa ganye na jiƙe, in je in tsinke masu ɗigon nan kafin iska ta tashi, kuma in canza wando tukuna. Muka bi fangali ɗaya-ɗaya muka cire duk ganyen da ya kamu. Tsatsar ba ta yaɗu ba. Zafi ya shigo a kan kari, albasa ta yi kai irin wanda ban taɓa gani a gonata ba, har Mista Pam ya zo ya tsaya yana girgiza kai, ya ce abin haushin shi ne yanzu tsohon nan ba zai ƙara jin maganar kowa ba. Ba mu hau motar Malumfashi ba. Yarana suna nan a makarantarsu, babbar ma bana za ta gama.

Baba bai ga wani noman ranin ba. Da damina ta tsaya ya kwanta kwana tara, ya cika a ɗakin 'yarsa, jikokinsa na kewaye da shi. Har ya rasu ban taɓa yi masa godiyar abin da ya ƙona ba, kunya ta hana, kuma na san da na fara zai ce in tashi in ba shi wuri. Wannan ne ke damuna har yau, fiye da duk abin da ya yi mini.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa, mu ma ya yafe mana ƙunƙunin da muka yi a bayan idonsa. Allah ya sanyaya makwancinsa, ya sada shi da Inna a gidan da ba a rabuwa. Amin.